BABI NA TARA: TAKESHI KITANO, ƊAN BARKWANCIN DA YA ZAMA DARAKTAN FIM

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin masu sana'ar ban dariya a ƙasar Hausa, tun daga wawan sarki da 'yan kama da 'yan gambara, har zuwa 'yan wasan camama na finafinan bidiyo. Wani abu da ɗalibi zai lura da shi a cikin wancan bayani shi ne, jama'a na ƙaunar mai ba su dariya, amma ba kasafai suke ɗaukar aikinsa a matsayin fasahar da ta cancanci nazari ba. Ana gayyatarsa wurin biki, ana yi masa kyauta, sai dai idan aka zo lissafin masu fasaha na gaske sai a tsallake sunansa.

Wannan babi zai fita da ɗalibi daga gida zuwa ƙasar Japan, domin a duba rayuwa da ayyukan Takeshi Kitano. Mutumin ya fara ne da tsayawa a kan dandamali yana zuba barkwanci a gaban 'yan kallo, daga baya ya zama darakta wanda fim ɗinsa ya ci babbar lambar yabo ta bikin finafinai na birnin Benis a ƙasar Italiya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dabarun da suka ɗaukaka finafinansa a idon duniya su ne dai waɗanda ya koya a kan dandamalin ban dariya, musamman sanin lokacin magana da lokacin yin shiru.

9.1 Haihuwa da Tashi

An haifi Takeshi Kitano ranar 18 ga Janairu, 1947, a unguwar Adachi da ke arewacin birnin Tokiyo, ƙasa da shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Unguwa ce ta talakawa da masu aikin hannu. Mahaifinsa, Kikujiro, mai fentin gidaje ne, kuma Kitano ya sha bayyana shi a matsayin mutum mai shaye-shaye wanda ba su cika yin hira da shi ba. Mahaifiyarsa, Saki, ita ce ta riƙe gidan, kuma ta tsaya kai da fata a kan cewa ilimin kimiyya da injiniyanci ne kaɗai hanyar fita daga talauci. Ɗaya daga cikin yayyensa ya bi wannan hanya har ya zama farfesa. Shi ma autan ya shiga Jami'ar Meiji domin karatun injiniya, amma bai kammala ba. Ya bar aji ya shiga 'yan ayyukan neman na abinci, ciki har da hidima a gidajen shan shayi inda ake sauraren kiɗan jaz, da kuma tuƙin tasi. Sai a shekarar 2004, bayan ya yi suna, jami'ar ta ba shi takardar kammalawa ta musamman.

9.2 Almajirci a Asakusa

A shekarar 1972 Kitano ya nufi Asakusa, tsohuwar unguwar gidajen wasa da silima ta Tokiyo, wadda a lokacin talabijin ya riga ya janye mata 'yan kallo. Ya sami aikin kula da na'urar hawa bene a wani gidan wasa mai suna Furansu-za. Gida ne da mata ke rawar batsa, kuma a tsakanin rawa da rawa ne ake turo 'yan barkwanci su cike gurbi kafin mai rawa ta gaba ta shirya.

Ya kamata a tsaya a yi tunani a kan irin wannan dandamali, domin shi ne makarantarsa ta farko. Mutanen da ke zaune a gaban ɗan barkwancin ba dominsa suka biya kuɗin ƙofa ba, wasunsu a buge suke, kuma duk burinsu ya sauka da wuri. Wanda ya ja zance ya daɗe bai kai ga abin dariya ba, ihu za a yi masa. Don haka dole ya koyi taƙaita shimfiɗa, ya koyi karanta fuskokin jama'a, ya kuma san daidai lokacin da zai jefa maganar da za ta kama su.

Babban ɗan wasan gidan shi ne Senzaburo Fukami, wanda Kitano ya roƙa ya ɗauke shi almajiri. Koyarwar Fukami irin ta sana'o'in gargajiya ce, wato kallo da kwaikwayo da shan faɗa. Ya tilasta wa almajirinsa koyon rawar buga ƙafa, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, bisa ra'ayinsa cewa ɗan wasa na gaske sai ya mallaki wata fasaha a jikinsa, ba surutu kaɗai ba. Fukami ba ya sha'awar talabijin, kuma bai ji daɗi ba da almajirin ya bar gajerun wasannin kwaikwayo na gidan ya koma salon da ake kira manzai. Ya rasu a wata gobara da ta tashi a ɗakinsa a 1983. Kitano ya rubuta labarin wannan almajirci a littafinsa Asakusa Kid na 1988, wanda aka mayar fim a 2021.

9.3 Manzai: Zubi da Tsarinsa

Manzai barkwanci ne na mutum biyu a tsaye a gaban makirufo ɗaya. Asalinsa yana komawa ga wasu masu yawo gida-gida a lokacin sabuwar shekara suna yi wa masu gida fatan alheri da waƙa da raha. Siffarsa ta zamani kuwa ta kafu ne a birnin Osaka a shekarun 1930, lokacin da Yokoyama Entatsu da Hanabishi Achako suka ajiye kayan kiɗa, suka sa kwat irin ta Turawa, suka mayar da wasan hira zalla.

Kowane ɗaya daga cikin biyun yana da matsayinsa. Na farko ana kiransa boke, shi ne mai kawo shirme da baƙar fahimta. Na biyu ana kiransa tsukkomi, shi ne mai hankali, wanda ke tare shirmen ya gyara, wani lokaci har da ɗan duka a ka ko a kafaɗa. Ga wani misali da aka tsara da Hausa domin a ga yadda zubin yake:

Mai gyara: Malam, an ce jiya ka je asibiti.
Mai shirme: Na je. Likita ya ce in daina cin abinci da dare.
Mai gyara: To, ka daina?
Mai shirme: Tuni. Yanzu sai na kunna fitila sannan nake ci.
Mai gyara: Kai! Fitila ce ke mayar da dare rana?

Idan aka feɗe wannan 'yar hira za a ga gaɓoɓi uku. Akwai shimfiɗa, inda ake sa mai sauraro ya zaci zancen zai nufi wani wuri. Akwai ɗan shiru da ke biyo bayan tambayar "ka daina?". Sai kuma faɗuwa, inda zancen ke karkata zuwa inda ba a zata ba. Daga cikin ukun, ɗan shirun nan ya fi wuyar koyo, domin ba a rubuta shi a takarda. In ya gajarta, mai sauraro bai gama gina zatonsa ba. In ya yi tsawo, ya riga ya hango amsar. Japanawa na kiran wannan tazara da sunan ma, kuma ɗaya daga cikin kalmomin da suke kiran wawa da su ita ce manuke, wato wanda tazararsa ta kuɓuce. Kitano ya rubuta littafi sukutum a kan wannan batu a 2012. Ɗalibin da ya taɓa sauraren 'yan gambara suna jefa wa juna magana a kasuwa ya san abin, ko da bai san sunansa ba.

A farkon shekarun 1970 Kitano ya haɗu da Kiyoshi Kaneko suka kafa ƙungiyar mutum biyu mai suna Two Beat. Daga nan ne ya sami laƙabin Beat Takeshi, abokinsa kuma Beat Kiyoshi. Takeshi ne mai shirme, amma shirmensa ya bambanta da na magabata ta fuska biyu. Ta farko ita ce sauri, domin yana zuba magana kamar ruwan sama, abokinsa ba ya samun sarari sai na cewa ya bari. Ta biyu ita ce ɗaci. Yana yi wa tsofaffi da ƙauyawa da munana ba'a, yana kuma juya taken gwamnati da na makaranta. Mafi shahara a ciki shi ne wanda ya juya gargaɗin kiyaye haɗari a hanya, inda ya nuna cewa jar fitila ba abin tsoro ba ce muddin jama'a za su tsallaka gaba ɗaya. Maganar ta zama karin magana a Japan, saboda ta taɓo ɗabi'ar bin yawa da aka san al'ummar da ita.

Ba duk barkwancin nan ne abin yabo ba. Ba'ar da ake yi wa mai rauni ba ta buƙatar wata basira, kuma a lokacin ma an yi ta suka, har gidajen talabijin suka riƙa taka musu birki. Amma da aka shiga shekarar 1980, lokacin da manzai ya mamaye talabijin a Japan, Two Beat na cikin na gaba-gaba. Bayan haka Takeshi ya ci gaba shi kaɗai, ya zama ginshiƙin shirin ban dariya na Oretachi Hyokin-zoku daga 1981 zuwa 1989, sannan ya jagoranci shirin gasar faɗuwa da tashi da duniya ta sani da sunan Takeshi's Castle, wanda aka fara a 1986.

9.4 Dariyar da Ta Zama Tarko

A shekarar 1983 darakta Nagisa Oshima ya fitar da fim mai suna Merry Christmas, Mr. Lawrence, wanda ya ƙunshi labarin sansanin fursunonin yaƙi na sojojin Japan a tsibirin Jaba. Mawaƙin Ingila David Bowie da mawaƙin Japan Ryuichi Sakamoto na cikin 'yan wasan. Oshima ya ba Takeshi matsayin Saja Hara, soja mai mugunta wanda kuma ke da wani ɓoyayyen tausayi. Kitano ya sha ba da labarin yadda ya saci jiki ya shiga silima domin ya ga yadda za a karɓi wasansa, amma da fuskarsa ta bayyana a majigi sai ɗakin ya fashe da dariya. Babu abin dariya a fitowar. Fuskar kawai suka gani, suka yi abin da suka saba.

Wannan ita ce matsalar da ke fuskantar duk wanda ya yi suna da ban dariya, kuma mai karatu ba ya buƙatar zuwa Japan kafin ya gane ta. Da a ce marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya fito a matsayin uban da ke kukan mutuwar ɗansa, da wuya 'yan kallo su ba shi minti guda kafin su fara murmushi. Hanyar da Kitano ya bi ita ce karɓar matsayin mugaye a wasannin talabijin, ciki har da na wani sanannen mai kisan mata, har sai da ido ya fara sabawa da ganinsa ba tare da jiran raha ba. Ya kuma raba sunansa gida biyu: idan yana wasa sunansa Beat Takeshi, idan yana ba da umarni kuma Takeshi Kitano.

A tsakanin nan ya shiga wata fitina da ta kusa kashe masa sana'a. A Disambar 1986 ya ja tawagar yaransa 'yan barkwanci suka kutsa ofishin mujallar Friday suka yi dambe da ma'aikata, saboda yadda wani wakilin mujallar ya takura wa wata budurwa da yake tare da ita. Kotu ta yanke masa ɗaurin wata 6 amma ta jingine zartar da hukuncin, kuma ya yi watanni ba a gan shi a talabijin ba.

9.5 Bayan Kyamara

Shigarsa aikin darakta ta zo ne bagatatan. An shirya wani fim na 'yan sanda wanda Kinji Fukasaku zai ba da umarni, Takeshi kuma ya fito a matsayin jarumi. Da lokutan aikinsu suka kasa daidaituwa, Fukasaku ya janye, aka miƙa wa jarumin ragamar. Ya yi wa rubutun labarin gyara mai yawa, fim ɗin ya fita a 1989, kuma a wajen Japan an san shi da sunan Violent Cop. Bai taɓa zama a ajin koyon fim ba, bai kuma taɓa yin mataimakin darakta ba, wanda shi ne matakin da aka saba bi a masana'antar ƙasar.

Mai tsammanin ɗan barkwanci zai yi fim mai yawan surutu zai sha mamaki. Kyamara takan tsaya wuri ɗaya ba motsi. 'Yan wasa kan fuskanci mai kallo kai tsaye, fuska ba yabo ba fallasa, kamar masu tsayuwa a kan dandamali. Ana daɗewa ana nuna mutum yana tafiya kawai. Sai can, ba gargaɗi, mari ko harbi ya faɗo, kafin mai kallo ya farga an wuce. Idan aka ɗora wannan a kan gaɓoɓi ukun da aka ambata a 9.3 za a ga abu ɗaya ne: tafiyar ita ce shimfiɗa, tsayuwar fuska ita ce ɗan shiru, tashin hankalin kuma shi ne faɗuwa. Dariya da firgita duk daga bazata suke fitowa, kuma wanda ya iya auna tazarar ɗaya ya iya auna ta ɗayar.

Dabara ta biyu ta shafi yankan hoto da haɗa shi, aikin da ya riƙa yi da hannunsa tun daga fim ɗinsa na uku. Kitano yakan nuna abin da ya gabaci aukuwa da abin da ya biyo bayanta, ya cire tsakiyar. Za a ga mutum yana yi wa jarumi tsiwa, hoto na gaba kuma mutumin ne zaune hancinsa na zubar da jini. Mai kallo ne ke cike naushin a cikin kansa. Shi da kansa ya kwatanta wannan da dabarar lissafin aljebra, inda ake fitar da abin da ya maimaitu a rubuta shi sau ɗaya: in mutum guda zai kashe mutum huɗu, ya isa a nuna kisan farko, sannan a nuna shi yana tafiya, a bi da gawarwakin sauran. Karatun injiniyan da ya watsar bai tafi a banza ba ke nan. Amma tushen dabarar na dandamali ne, domin kowane ɗan barkwanci ya san cewa bayyana abin dariya dalla-dalla shi ne kashe shi.

Fim na uku, A Scene at the Sea na 1991, ya kai shirun matuƙa. Labarin wani kurma ne mai kwashe shara da ya tsinci karyayyen allon hawa igiyar ruwa, da budurwarsa wadda ita ma kurma ce. Manyan taurarin biyu ba su furta komai, kuma Kitano bai fito a ciki ba. Daga wannan fim ne ya fara aiki da mai tsara kiɗa Joe Hisaishi, haɗin da ya ɗore har 2002.

Sonatine na 1993 shi ya fi dacewa da nazarin wannan babi. Murakawa wani jigo ne a cikin yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan daba masu tsari da shugabanci na ƙasar Japan. Ya gaji da sana'ar. Ubangidansa ya tura shi tsibirin Okinawa da sunan sasanta rikici, alhali tarko ne aka ɗana masa. Bayan an kashe wasu daga cikin yaransa, sai ya ja sauran suka ɓuya a wani gida a bakin teku. A nan ne labarin ya tsaya cik, kusan tsakiyar fim ɗin gaba ɗaya. Ƙattin da suka saba kisa suka koma yara: suna haƙa ramuka a yashi domin abokansu su faɗa, suna kwaikwayon kokawar 'yan tsana na takarda, suna yaƙi da tartsatsin wasan wuta da dare. Mai kallo na dariya, amma ya san mutuwa na tafe, kuma idan ta zo takan ɗauki mutum a tsakiyar wasa. Babban faɗan ƙarshe, wanda wani darakta zai kashe rabin kuɗinsa a kai, yawancinsa daga waje aka nuna shi, walƙiyar harsasai kawai ake gani ta tagogin bene mai duhu. Fim ɗin bai yi kasuwa a Japan ba. A Turai ne, bayan an nuna shi a bikin Cannes na wannan shekara, manazarta suka fara ambaton sunan daraktan, yawancinsu ba su ma san cewa a gida ɗan barkwancin talabijin ba ne.

9.6 Haɗari da Hana-bi

A watan Agustan 1994 Kitano ya yi mummunan haɗari a kan ƙaramin babur a Tokiyo. Ƙashin kansa ya tsage, ɓangaren dama na fuskarsa ya shanye. Ga mutumin da fuskarsa ce jarinsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ya fito gaban 'yan jarida da karkatacciyar fuskar bai ɓoye ta ba, kuma a lokacin jinya ya duƙufa ga zane-zane. Fim ɗin da ya dawo da shi, Kids Return na 1996, labarin abokai biyu ne da suka gagari makaranta, ɗaya ya shiga dambe ɗaya ya shiga daba, kowanne ya ɗaga ya faɗo. A gefen labarin akwai wasu 'yan ajinsu biyu da ke ta gwajin manzai a gaban kujerun da ba kowa.

Sai Hana-bi a 1997. Kalmar na nufin wasan wuta na sama, amma an raba ta da ɗan layi domin a fito da sassanta biyu, hana wato fure, da bi wato wuta. Nishi ɗan sandan ciki ne da 'yarsa ta rasu, matarsa kuma na fama da sankarar jini. An harbi abokin aikinsa Horibe ya koma keken guragu, iyalinsa suka gudu suka bar shi. An kuma kashe wani ƙaramin jami'i a gabansa. Nishi ya bar aiki, bashin 'yan daba ya yi masa katutu, sai ya sayi tsohuwar tasi ya yi mata fenti irin na motar 'yan sanda ya yi fashi a banki. Da kuɗin ya biya bashi, ya taimaki matar mamacin, ya kuma ɗauki matarsa tafiyar ƙarshe zuwa dutsen Fuji da yankin dusar ƙanƙara da bakin teku. Horibe kuwa, wanda Nishi ya aika wa kayan zane, ya sami abin riƙe rai a cikin zanen dabbobi masu kawunan furanni, kuma zane-zanen da ake gani a fim ɗin na Kitano ne da kansa.

Mijin da matar kusan ba sa magana. Abin da ke tsakaninsu ana ganinsa ne a ƙananan wasanni: yana yi mata dabon karta, suna ƙoƙarin ɗaukar hoto mota ta gifta ta tare su, ta faɗa cikin dusar ƙanƙara ya ruga ya ciro ta. Duk waɗannan guntayen barkwanci ne irin na Asakusa, amma a nan aikinsu shi ne su ɗauki nauyin abin da baki ya kasa faɗa. Sai a fitowar ƙarshe matar ta yi magana, godiya da neman gafara kawai. Kyamara ta juya ga teku, aka ji ƙarar harbi sau biyu. An sake cire tsakiyar.

Fim ɗin ya ci lambar Zakin Zinariya a Benis. Kafin shi daraktocin Japan biyu ne kacal suka taɓa cin ta, Akira Kurosawa a 1951 da Hiroshi Inagaki a 1958. Daga ranar ne 'yan ƙasarsa suka fara kiransa darakta ba tare da murmushi ba, ko da yake bai bar fitowa a talabijin cikin tufafin wauta ba.

9.7 Ayyukan Baya

Ba duk abin da ya biyo baya ne ya kai wannan matsayi ba. Kikujiro na 1999, wanda ya raɗa wa sunan mahaifinsa, labari ne mai taushi na wani ɗan tasha da ya raka yaro neman uwarsa. Brother na 2000, da aka ɗauka a Los Angeles ta Amurka, bai gamsar da manazarta da yawa ba. Finafinai uku da ya yi tsakanin 2005 da 2008 a kan matsalolinsa na mai fasaha sun fi burge shi fiye da yadda suka burge 'yan kallo. Akwai kuma sukar da ake yi masa, wadda ke da ƙamshin gaskiya, cewa mata a finafinansa ba su cika samun baki ba, sai dai su yi haƙuri ko a cuce su.

Wanda ya fi kowanne kasuwa a Japan shi ne Zatoichi na 2003, sabon zubi na labarin makahon mai tausa gwanin takobi, wanda Shintaro Katsu ya fito a matsayinsa a finafinai 26. Ya ba Kitano lambar Zakin Azurfa ta gwanin darakta a Benis. A cikinsa ana jin saran fartanyar manoma yana tafiya daidai da kiɗa, kuma an rufe shi da gagarumar rawar buga ƙafa ta mutanen ƙauye, wato fasahar da Fukami ya tilasta masa koya shekara 30 da suka wuce. Daga 2005 ya koyar a sashen nazarin fim na Jami'ar Fasaha ta Tokiyo na wasu shekaru. Ya koma labarin 'yan daba da jerin Outrage guda uku a 2010 da 2012 da 2017, sannan Kubi a 2023, wanda ya ɗauko daga tarihin yaƙe-yaƙen sarakunan Japan na ƙarni na 16.

A 2024, yana da shekara 77, ya kai wa bikin Benis wani gajeren fim na kimanin awa ɗaya mai suna Broken Rage. Rabin farko labarin wani tsohon maharbin haya ne da 'yan sanda suka kama suka tilasta masa yi musu leƙen asiri, an ba da shi cikin tsanani ba wasa. Rabi na biyu kuma labarin nan ne dai aka maimaita, fitowa bayan fitowa, amma a wannan karon maharbin na tuntuɓe, kujera na karyewa da shi, komai na lalacewa. Mutane ɗaya, wurare ɗaya, abin da ya sauya kawai shi ne inda aka sa tazara da abin da ya faɗo bayanta.

9.8 Jinga

1. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowane rukuni ya tsara hirar ban dariya da Hausa wadda ba ta wuce layi 8 ba, bisa zubin mai shirme da mai gyara. A gabatar da ita sau biyu a gaban aji, sau ɗaya da ɗan shiru kafin faɗuwa, sau ɗaya babu, sannan a rubuta bambancin da aka gani. Kada a gina hirar a kan nakasa ko ƙabilar wani.

2. Kwatanta almajircin Kitano a wurin Fukami da yadda yaron ɗan kama ko na ɗan gambara ke koyon sana'a a wurin ubangidansa.

3. Zaɓi tatsuniya ɗaya ta Gizo, ka nuna shimfiɗa da ɗan shiru da faɗuwa a cikinta, ka kuma bayyana inda za ka dakata idan kana ba 'yan aji uku na firamare ita.

4. Yawancin finafinan da aka ambata a wannan babi na ɗauke da zubar da jini, ba su dace da yara ba. Wanne daga cikinsu malami zai iya ɗaukar guntunsa ya nuna wa ɗaliban babbar sakandare domin koyar da isar da saƙo ba tare da magana ba? Kawo hujjarka.